Dabarar malamin Turanci tana ƙara wa yara maki, ko dai hayaniya ce kawai?

Tambaya: Wata ustaza ce daga Gadarif a Sudan ta turo. Tana koyar da Turanci a aji shida, yara sun kai 70, yawancinsu 'ya'yan Hausawa, sai waɗanda yaƙi ya koro daga Madani da Khartum. Ta fara sa musu waƙoƙi da wasanni, yara suna jin daɗi, amma mudir, wato shugaban makarantar, ya ce hayaniya take tarawa, kuma abokin aikinta da ba ya komai sai nahawu da hadda yaransa sun fi nata maki a imtihan na wata. Tace wai da gaske ne ƙirƙirar malami tana ɗaga karatun yaro, ko ta haƙura ta bi sahu?

Amsa: Wa alaikis salam ustaza, ƙanwata, sannu da ƙoƙari, dan tsayuwa gaban yara 70 a halin da ake ciki yanzu ba ƙaramin jihadi bane, Allah ya ba da lada.

Eh, dabarar malami tana ɗaga karatun yaro, sosai ma, amma ba kowace dabara ba, kuma zan faɗa miki abin da watakila bazai miki daɗi ba: mudir ɗinki bai yi daidai duka ba amma yana da ɗan gaskiyarsa. Na daɗe ina koyarwa kuma na zauna a bayan aji na kalli matasan malamai da yawa, abin da na fi gani shine malami ya ɗauka in yara sun yi dariya sun tafa to darasi ya yi. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Ni abu biyu nake dubawa in na shiga ajin wani, kuma ke ma da su zaki auna kanki. Na farko, a hissar nan minti nawa kowane yaro, kowane ɗaya fa, ba 'yan gaban nan biyar masu ɗaga hannu ba, ya yi yana faɗin Turanci ko karanta shi ko rubuta shi da kansa. Na biyu, abin da aka koya makon jiya da watan jiya ya sake dawowa yau ko an binne shi. Duk dabarar da ta ƙara waɗannan biyun to ita ce ƙirƙira, wadda bata ƙara ba kuwa ko da kwali mai kala goma aka yi ta ado ne.

Bari mu yi lissafi da ajinki. Hissa minti 40, ki ce ke kin ci 30 da bayani da rubutu a sabbura da tsawatarwa, saura 10 na tambaya da amsa ɗaya bayan ɗaya. Minti 10 sakan 600 ne, raba wa yara 70, kowa bai kai sakan 9 ba, kuma ko hakan ba ya samuwa dan 'yan gaba ne ke cinyewa. Yanzu ki ce musu kowa ya juya ga na kusa da shi, minti 5 kawai, wannan ya tambaya wannan ya amsa sannan su musanya. Kowane yaro ya samu minti biyu da rabi kenan, sakan 150. Kinga bambancin, kuma baki sayi komai ba. To wannan hayaniyar ita ce wadda ya kamata mudir ya ji ya yi murna, amma in waƙa ce ke kike rerawa suna amsa amshi ɗaya ba su san me suke faɗa ba, rabin aji ma baki kawai suke motsawa, to wannan kam yana da hujjar yin magana.

Abokin aikinki kuma kar ki raina shi, akwai dalilin da yasa yaransa ke ci. Yana sa su su jawo abu daga ka su faɗa, kullum, kuma yana yi da irin siffar da imtihan ke zuwa da ita. Wannan jawowar daga ka ba ƙaramin abu bane. A 2006 wasu masana a Amurka, Roediger da Karpicke, sun gwada ɗalibai, wasu suka yi ta maimaita karanta rubutu, wasu suka karanta sannan aka rufe takarda aka ce su tuno. Bayan 'yan mintuna masu maimaita karatu ne a gaba, amma bayan mako ɗaya masu tunowa suka wuce su. Tun 1885 ma Bajamushen nan Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa tafi sauri a farkon lokaci bayan an koyi abu, sai an dawo masa ana tazara sannan yake zama. Mu kuma da muka tashi a khalwa ai ba sai an faɗa mana ba, ba a wanke allo sai an kawo hadda, ba a ƙari sai an yi bitar na baya, ga muraja'a. Da tsohuwar zuma ake magani. Matsalar abokin naki kawai ita ce abin da yake sa su haddacewa, in ƙa'ida ce tsura da jerin kalmomi to yaro zai cike gurbi a takarda amma ki tare shi a hanya kice masa what did you eat today sai ya tsaya yana kallonki. Ke kina da abin da ya rasa, shi ma yana da abin da kika rasa, kuma nashi ne ake aunawa a imtihan na wata, shi yasa ya fi ki maki.

Bari in nuna miki irin wasan da nake nufi, dan in ba a gani a kusa ba magana ce kawai. Ki samu kwalin sabulu a shago ki yanka, ki rubuta jerin farashi iri biyu, ko ki raba sabbura biyu ki sa rabin aji su kwafi na dama rabi na hagu, kowa ya rufe karras ɗinsa, wato littafin rubutunsa, kar maƙwabci ya leƙa. Na farko yana da farashin sukari da mai da riɗi amma gurbin albasa da dawa da gawayi babu komai, na biyu kuma akasin haka. Babu yadda yaro zai cike gurbinsa sai ya buɗe baki ya ce how much is the sesame, ɗan'uwansa ya duba ya ce it is nine hundred pounds, shi kuma ya rubuta, in bai ji ba dole ya ce say it again please. Ki lura fa, tambayar ta gaske ce dan bai san amsar ba, ba irin ta "what is this" kina riƙe da alƙalami kowa na ganin alƙalami ne ba. Yaran Gadarif kuma lissafin kasuwa a jininsu yake, wanda ke taya mahaifinsa tsaron teburin agashe da yamma, wadda ke kai wa innarta godo-godo kasuwa, zaki ga wanda kike ɗauka daƙiƙi ne ya fi kowa saurin haɗa kuɗin. In sun gama sai ki ce to kowa yana da jine dubu biyu, me zai saya canji nawa zai dawo. Sannan, kuma nan ne yawancin malamai ke sakin layi, minti bakwai na ƙarshe kowa ya yi shiru ya rubuta jimla uku daga ka, ke kuma ki rubuta tambaya biyu a sabbura da irin siffar imtihan, how much ko how many a cike gurbi. Bayan kwana uku ki sake jefo musu ita ba sanarwa, bayan mako biyu ki sake. Shikenan kin haɗa naki da na abokin aikinki a hissa ɗaya. Wannan salon na ɓoye wa ɗaya abin da ɗaya ya sani ba ni na ƙirƙiro ba, wani malami ɗan Indiya mai suna Prabhu ya sa shi cikin ayyukan da ya gina koyarwa a kansu a makarantun Bangalor daga 1979 zuwa 1984, azuzuwan gwamnati masu cunkoso da sabbura da alli kamar namu.

Sai batun yaranki su kansu, wanda littafin ma'aikata bazai gaya miki ba dan an rubuta shi ne da tunanin yaro mai Larabci kaɗai. Ɗan Bahaushe a Sudan Turanci harshensa na uku ne, Hausa a gida, Larabci a titi da makaranta, kuma wannan ba nakasa bace, yaron da ya riga ya saba sauya harshe tun yana ƙarami kunnensa a buɗe yake. Amma kurakuransu ba iri ɗaya bane da na sauran. Larabci ba shi da p, shi yasa yaron Madani zai ce bark yana nufin park. Mu kuma a Hausa p da f ne ke cakuɗe mana, sai ki ji an ce fen maimakon pen, ko a juya a ce pish maimakon fish, wanda ya tashi da harsunan biyu kuma wani lokacin duka biyun yake yi. Magani ɗaya bazai yi musu ba. Na b da p, kowa ya yago siririyar takarda ya riƙe gaban leɓensa, in ya ce pin takarda ta motsa, in ya ce bin ta tsaya, minti biyu ne kuma zaki ga har a fili lokacin fatur suna yi wa juna. Na p da f kuwa takarda bata raba gardama dan dukansu iska ke fita, sai dai ido: f haƙoran sama kan leɓen ƙasa, p leɓe biyu a rufe sannan su fashe, sai ki sa su kalli bakin juna, wannan ya faɗa ba sauti wancan ya canka fan ne ko pan. Haka kalma mai baƙaƙe a jere kamar street, mai Larabci zai sa wasali a gaba ya ce istirit, Bahaushe zai cusa a tsakiya ya ce sitirit. Malamar da ta ji wannan da kunnenta ta raba musu magani, wallahi ta fi mai kwali da balan-balan ƙirƙira nesa ba kusa ba.

Kuma kar ki ji kunyar amfani da Hausa a inda zata rage miki hanya. Misali yara suna yawan cewa he teacher, my father farmer, ba is a ciki, dan a Larabci jimla irin wannan bata buƙatar komai a tsakiya. Amma ɗan Bahaushe ya san "shi malami" bata cika ba sai an ce "ne", to ki ce musu is ɗin nan kamar ne da ce ne, sai dai shi a tsakiya yake zama ba a ƙarshe ba. Ba daidai suke ɗari bisa ɗari ba a nahawu amma a aji shida ya wadatar. Sharaɗi kawai, Hausa ko Larabci su shigo su yi aikinsu a sakan goma su fita, kar hissar Turanci ta koma hira a kan Turanci da Larabci, wanda gaskiya shine cutar da ta fi yi mana illa a ƙasar nan.

Dan kin san iyayenmu da suka yi makaranta kafin 1965 a sanawi, wato sakandare, yawancin darussa da Turanci ake musu, lissafi, tarihi, kimiyya, daga shekarar ne aka fara mayar da sanawi Larabci, a 1990 kuma aka yi wa jami'o'i. Ban ce a koma baya ba, wannan wata muhawara ce daban, abin da nake so ki gani shine tsohon da kike ji yana zuba Turanci kamar ɗan Landan ba wai malamansa sun fi ki basira bane, shi wuni yake a cikin harshen, naki yaron kuma hissarki ce kaɗai rabonsa, ya fita ƙofa babu mai ce masa good morning har gobe. A littattafan Turanci na ma'aikata mun ga NILE, mun ga SPINE mai littafi shida da ya zo a farkon shekarun 1990, uku a asas, wato matakin farko, uku a sanawi, yanzu ga SMILE da aka fara daga aji uku da hannun British Council a ciki, kuma a ganina ya fi na baya ba yaro damar magana da saurare. Amma sauya littafi bai taɓa ƙara wa yaro minti ɗaya na amfani da harshe ba in malami bai sauya yadda yake raba lokacin ba. Tun zamanin Bahtar Ruda, cibiyar horar da malamai da aka kafa a 1934 kusa da Duwaim, abin da ya ɗaga sunanta shine ana gwada darasi a aji na gaske da yaran karkara kafin a baza shi, ana horar da malami a kai.

Wani abin da nake ganin ya fi komai arha kuma an fi sakaci da shi shine karatun labari. A tsibirin Fiji a farkon shekarun 1980 wasu masana biyu, Elley da Mangubhai, sun zuba littattafan labarai masu hoto kusan 250 a azuzuwan wasu makarantun ƙauye inda Turanci ba harshen gida bane, aka ware lokaci kullum ana karantawa, cikin wata takwas yaran suka ci gaba a karatu da fahimtar abin da suka ji ninki biyu na yadda aka saba, kuma aka bar wasu azuzuwan a kan tsohon tsari dan a kwatanta. Tsofaffinmu ma da littattafan Michael West suka tashi, mutumin da ya yi aiki a Bengal ya gano cewa in ka taƙaita kalmomi ka riƙa dawo da su a cikin labari yaro zai yi karatu da wuri, jerin kalmominsa da aka buga a 1953 kusan 2000 ne kawai. Nasan zaki ce ina zan samu littafi 250 alhali littafin ma'aikata ma yara huɗu ke rabawa. To ku rubuta naku. Ranar Alhamis yara su baki labari da Hausa, na Gizo da Ƙoƙi ne, ko ranar da khor, wato rafi, ya cika aka kasa zuwa makaranta, ke ki mayar da shi Turanci mai sauƙi jimla takwas ko goma da kalmomin da suka riga suka sani, kalma sabuwa kar ta wuce biyu ko uku, a rubuta da manyan baƙaƙe a bayan kwali a rataye a bango, masu iya zane su yi hoto. Kafin ƙarshen shekara bango ya cika, kuma labarin da yaro ya san nasu ne zai karanta shi ko ba a ce ya karanta ba.

Yanzu batun 'yan gudun hijira. Tun 15 ga Afrilu 2023 da yaƙin nan ya ɓarke makarantu suka daɗe a rufe, da yawa ma suka zama masaukin waɗanda aka koro, har shahada, imtihan na ƙarshen sanawi, sai a ƙarshen Disamba 2024 aka samu aka zauna. Dan haka sunan aji shida ne amma a ciki akwai wanda ya fito daga makarantar kuɗi a Khartum yana karanta shafi guda, akwai wanda har yanzu b da d ke rikita shi kuma hannunsa na son farawa daga dama. In kika koyar da tsakiya kin rasa duka biyun. A Indiya ƙungiyar Pratham ta yi suna da wani tsari mai sauƙi, a gwada yaro ɗaya-ɗaya a ga ina ya tsaya, baƙi, kalma, jimla ko labari, a haɗa su bisa matakinsu ba bisa shekaru ba, kuma an gwada shi sau da yawa an ga yana aiki. Ke ma zaki iya, minti ɗaya kowane yaro, cikin mako kin gama da 70 ɗin. Sai ki ware minti goma sha biyar sau biyu a mako, masu koyon baƙaƙe a gefe ɗaya da ke, 'yan jimla su karanta bango, 'yan labari su rubuta ci gabansa ko su taya na ƙasa. Amma kar ki sa wa rukunin suna mai nuna wane ne baya, kuma ki yi hankali da irin batun da kike sa su magana a kai, "my house" ko "my father" ba kowane yaro ne zai iya ba yanzu, wani gidan babu, wani uban babu. Ki bar ƙofa a buɗe, ki ce a person I like.

Ƙaramin abu ɗaya kuma: in kin yi tambaya ki yi shiru. Wata mai bincike a Amurka, Mary Budd Rowe, ta auna a shekarun 1970 ta ga malamai kusan sakan ɗaya suke jira kafin su amsa da kansu ko su wuce ga wani, in aka kai sakan uku amsoshi na tsawo kuma masu shiru na fara magana. Yaron da zai juya abu daga Hausa ya bi ta Larabci ya fito da Turanci ai ya fi kowa buƙatar wannan sakan ukun.

Game da bincike a kan "ƙirƙirar malami" kai tsaye kuwa, ki riƙa karantawa da ido biyu. Da yawa takardar tambayoyi ce ake ba malami ya auna kansa ko ɗalibai su auna shi, sannan a haɗa da maki a ce akwai alaƙa. Alaƙar kan fito, amma bata nuna wanne ya haifi wanne ba, dan malamin da aka ba aji mai ƙoƙari da yara 25 dole ya fi sakewa ya yi dabaru. Shi yasa na fi dogara da irin waɗanda na ambata, inda aka sauya abu ɗaya aka kwatanta da waɗanda ba a sauya musu ba.

Mudir kuma kar ki yi gardama da shi a ofis, ba a cin wannan. Ki same shi da ladabi kice ya ba ki wata biyu, ki nemi shi da kansa ya zaɓi kalma 20 da jimla 5 daga darasin da aka wuce da mako uku, a ba ajinki da na abokin aikinki rana ɗaya ba tare da an sanar da kowa ba, sannan ya kira yara biyar daga bayan kowane aji ya yi musu tambaya uku da baki. In naki sun gaza to kin san bitarki ce bata isa ba sai ki ƙara, ba wasan zaki zubar ba. Hayaniya kuma ki sa mata linzami, alama ɗaya da kowa ya sani, kin ɗaga hannu kowa ya ɗaga ya yi shiru, ki horar da su a kai tun kafin ki fara aikin bibbiyu, kuma ki gaya wa malamin ajin da ke jikin naki wace hissa ce za a ɗan yi surutu.

Saura ke kanki. Malamar da Turancinta ke rawa bata iya sakin littafi, dan tana tsoron yaro ya tambayi abin da babu a shafin, kuma yawancin abin da ake kira rashin dabara wannan tsoron ne. In network ya samu ki sauke shirye-shiryen BBC Learning English a waya ki riƙa ji kina aikin gida, ki riƙa maimaitawa da ƙarfi, darasin gobe kuma ki karanta shi a bayyane tun daren yau, kalmar da kike shakkar furucinta ki duba kafin ki kai ta aji dan abin da kika furta shi yara 70 za su ɗauka. In akwai malaman Turanci biyu ko uku a unguwarku ku riƙa haɗuwa ko sau ɗaya a mako kan jabana, rabin awa ba Hausa ba Larabci, kowa ya zo da abu ɗaya da ya gwada a aji ya faɗi yadda ta kaya, har shi abokin naki mai nahawu ki gayyace shi, ki roƙe shi tsofaffin takardun imtihan da yake tarawa.